Bakwai, Biyar, Sifili, Sifili

Mahaifina bai taɓa yarda da magana a faɗa ɗaya ba. In ka ce masa ruwa ya ɗauke, sai ya tashi ya leƙa taga. In Umma ta ce ta kulle ƙofa, zai ce "to", ya bari ta juya baya, ya je ya murɗa hannun ƙofar a hankali yadda ba za ta ji ba. Kuma tana ji. A wurin aiki Sake-Faɗa suke ce masa, don kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan, mu ma a gida muka ɗauka, amma a bayan idonsa. Ranar da na kawo masa sakamakon jarrabawata na ce na ci, ya karɓi takardar, ya ɗaga ta wajen haske, ya duba sunan da ke sama ko nawa ne. Na yi kuka ranar. Umma ta ce in daina ɓata hawayena, ai ranar da aka haife ni ma, da aka ce masa mace ce, cewa ya yi a koma a duba da kyau.

Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin rada na filin jirgin sama. Ɗaki ne da ba shi da taga, sanyi kamar cikin firij, ga allo shida a jere, kowane da kujerarsa. Ta Baba ita ce ta ƙarshe, wadda hannunta na hagu ya yage aka naɗe shi da salatif. An sha kawo sababbin kujeru ya ƙi karɓa, wai bai san halinsu ba. A nan yake zama da abin magana a kunne, yana kallon ɗigo-ɗigon haske suna rarrafe a allo, kowane ɗigo jirgi ne cike da mutane, shi kuma aikinsa kada biyu su haɗu.

Dole in yi bayanin lambobin, don a kansu komai ya faru. Kowane jirgi yana da wani ɗan akwati a gaban matuƙi, mu masu aikin tiransfonda muke ce masa. In rada ta zagayo ta taɓa jirgi, akwatin ne ke amsa mata da lamba mai harafi huɗu, sai lambar ta fito a allo gefen ɗigon, a san wane ne wane. Mai kula da rada shi ke ba matuƙi lambar ta rediyo, matuƙi ya saka. Daga sifili zuwa bakwai haruffan suke tsayawa, babu takwas babu tara. A ciki akwai guda uku da ba a ba kowa, matuƙi ne ke saka su da kansa in abu ya ɓaci. In ya saka 7700, yana cewa ina cikin hatsari, ku ba ni hanya. In 7600 ce, rediyona ta mutu, ba na jin ku ko ba kwa ji na. Ita kuwa 7500, ma'anarta akwai wani a cikin jirgin nan da ya fi ƙarfina, ba ni ke da iko ba, kuma ba zan iya faɗa da baki ba.

A gidanmu da lambobin nan muka tashi. In Umma ta yi fushi ta daina magana, Baba zai shigo ya dube mu ya ce, "Yau gidan bakwai-shida ne, kowa ya yi hankali." In girki ya kama a wuta, bakwai-bakwai ke nan. Ɗaya ce ba a wasa da ita. Wata rana ina ƙarama Umma ta kama ni ta ce sai na yi wanke-wanke, na ƙwala wa Baba kira na ce bakwai-biyar. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan kada ki ƙara." Ban ƙara ba.

Na girma na koyi gyaran na'urorin jirgi, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai jirage huɗu 'yan ƙanana, a filin da Baba yake. Babban matuƙin kamfanin, wanda kowa ke kira Kyaftin, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni, a lokacin da sauran suke ta gunagunin mace da sukudireba. Dogon mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba. Shi da Baba sun yi shekara ashirin suna jin muryar juna ta rediyo kusan kullum, kuma shi kaɗai ne matuƙin da ba ya ƙosawa. In Baba ya ce "sake faɗa", sauran kana jin tsakinsu ta cikin rediyo. Kyaftin kuwa zai sake, tiryan-tiryan, har ya ƙara da "ka ji, malam?"

Akwatunan jiragenmu tsofaffi ne, masu maɓallin murɗawa huɗu, kowane harafi da nasa. Tun a makaranta ake koya wa matuƙa cewa in za ka canza lamba, ka fara dakatar da akwatin, ka murɗa, sannan ka kunna. In ba haka ba, garin murɗawa kana iya bi ta kan ɗaya daga cikin ukun nan, allon rada ya yi ƙara a banza. Masu mantuwa suna yi. Sau biyu ko uku a shekara za a ga lambar ta haska sau ɗaya ta ɓace, mai rada ya tambaya, matuƙi ya ce afuwa, a yi masa tsiya a kantin shayi, shi ke nan.

Ranar da nake magana, Laraba ce, ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na safe. Kyaftin yana dawowa daga wani ƙaramin gari da jirgi mai kujera shida, fasinja ɗaya, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ce zai kawo asibiti. Ban kasance a ɗakin rada ba, amma na ji faifan da aka naɗi maganarsu a gaban kwamitin bincike, kuma na ji daga bakin Baba sau ɗari, ba ƙari.

Jirgin ya shigo yankin Baba da lamba 4216. Baba ya ba shi sabuwa, 4263. Kyaftin ya maimaita daidai. Rada ta zagayo, lambar ba ta canza ba. Ta sake zagayowa, sai allo ya yi ƙara, ɗigon ya fara ƙiftawa. Bakwai, biyar, sifili, sifili. Ta zagayo, tana nan. Ta sake zagayowa, tana nan. A na huɗun ta koma 4263, kamar ba a yi komai ba.

"Kyaftin," in ji Baba, "na ga bakwai biyar sifili sifili a kanka. Tabbatar mini."

Shiru. A faifan na ƙirga, daƙiƙa shida.

"A'a, malam. Kuskure ne. Iska ta girgiza ni ina murɗawa. Ka yi haƙuri."

"Sake faɗa."

"Kuskure ne. Komai lafiya."

"Sake faɗa."

"Na ce lafiya muke, malam. Lafiya ƙalau."

Shugaban ɗakin ya riga ya zo ya tsaya a bayan kujerar Baba. Matashi ne a kan Baba, mai son a ga aikinsa na tafiya sumul. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya faɗa sau uku. Kuskure ne. Ka rubuta, ka bar shi ya sauka."

Baba ya ce, "Wanda aka sa wa wuƙa a wuya ma haka zai ce."

"Kyaftin ne fa. Ka san muryarsa."

"Na san ta. Shi ya sa."

"Na ba ka umarni, ka bar shi."

Baba ya miƙa hannu ya ɗaga jar wayar da ke jikin bango, wadda tun da aka kafa ta ba a taɓa ɗagawa ba sai ranar gwaji.

Ni ina bakin rumfar gyara da tsumma a hannu na ga motoci suna gudu ta kan ciyawa. An rufe filin awa ɗaya da minti arba'in. Manyan jirage biyu da ke shirin sauka aka juya su wani gari da fasinjojinsu. Aka sa Kyaftin ya tsaya can ƙarshen fili, masu bindiga suka kewaye ɗan jirginmu, wanda jiya-jiya na canza masa fitila. Kyaftin ya fito hannu sama, na damansa naɗe da hankici. Ƙanin ya biyo shi, siriri, kansa a ƙasa, yana tafiya kamar wanda aka tashe shi daga barci. Aka kwantar da su a kan kwalta, aka caje jirgin. Ba bindiga, ba wuƙa, ba kowa. Daga baya wani mai gadi ya ce mini har dariya suka yi.

Sai kwamiti ya zauna. Kyaftin ya ce laifinsa ne, ya manta bai dakatar da akwatin ba, iska kuma tana jijjiga shi, ya murɗa ba tare da ya duba ba. Hannun kuwa, garin saurin buɗe ƙofa da ya ga bindigogi ne marikin ya yanke shi. Ƙanin ba a ma tambaye shi da yawa ba, an ce ba shi da lafiya, barci yake yi tun da suka tashi. Aka ja wa Kyaftin kunne, ya koma aiki bayan mako biyu.

Baba ya tashi a gaban kwamitin ya ce yana da tambaya. Daga 4216 zuwa 4263, maɓalli biyu na ƙarshe kawai za ka taɓa. Me ya kai hannun mutum kan biyun farko? Kuma kuskure sau ɗaya yake haskawa ya wuce, wannan ta tsaya zagaye uku. Shugaban kwamitin ya ce matuƙin ya riga ya amsa. Baba ya ce, "Ya sake faɗa." Wani ya yi dariya a baya, sai ɗakin ya ɗauka. Ina zaune a wurin. Na sunkuyar da kai, kuma ba don tausayinsa ba, don kunya.

Kafin zaman nan, ni aka ba akwatin in gwada, tunda aikina ne. Na shiga jirgin da la'asar ranar da abin ya faru, na kunce shi, na kai kan teburina. Lafiyarsa ƙalau. Maɓallan ma tauri gare su, sai ka riƙe da yatsa biyu ka murɗa kafin su ce ƙas, ba irin waɗanda iska za ta zarce da su ba ne. Kuma a kan maɓalli na farko da na biyu akwai wani abu baƙi-baƙi da ya bushe ya shiga cikin zanen. Na san jini in na gan shi. Na ɗauko auduga da sinadarin gogewa na goge, don ƙa'ida ce ba a mayar da na'ura da datti. Sai da na ji Kyaftin a gaban kwamiti yana cewa a ƙasa ya yanke, bayan ya kashe komai, sannan na gane abin da na goge. Wanda ya yanke a bakin ƙofa yana fita, me zai mayar da shi ya taɓa akwati?

Ban faɗa wa kwamitin ba. Zan iya cewa tsoro ne, sabuwar ma'aikaciya ce ni, kuma mutumin nan shi ya tsaya mini. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙasan wannan, wadda ba ta da kyan gani. Na gaji da Baba. Tun ina yarinya yake bincikar maganata kamar ta ɓarawo, kuma wani ɓangare na zuciyata ya so, ko sau ɗaya ne, a ce masa kai ne ka yi kuskure.

An ce masa. Takardar kwamitin ta ce ya ƙi bin umarnin shugabansa, ya jawo asara da firgici, kuma halinsa na yawan zargi ya kai inda ba za a bar shi da rada ba. Ba su kore shi ba. Sun mayar da shi ofishin ajiyar takardu, ƙasan bene, ɗaki mai warin ƙura da tsohuwar takarda, shi da kabad goma sha biyu da fanka mai ƙara. Kujerarsa mai salatif aka jefar a bayan gini, ruwa ya yi ta dukanta har ta ruɓe. Yakan bi ta wurin kullum in zai shiga.

Ba kuɗi ko muƙami ne ya dame shi ba. Sunansa ne. Shekara ashirin da shida ba jirgin da ya gogi wani a hannunsa, amma yanzu in an kawo sababbin ma'aikata, da labarinsa ake koya musu abin da ba a yi. "Kada ka zama Sake-Faɗa." A kantin shayi in cokali ya faɗi, wani zai ce a ɗaga jar waya. Yana ji, yana shan shayinsa.

A gida kuwa muka shiga uku. Ya samo kwali ya yanka da'ira huɗu, ya rubuta sifili zuwa bakwai a kowace, ya liƙa su da ƙusa a jikin katako. Duk baƙon da ya zo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya zaunar da shi. "Ga 4216. Kai ni 4263." Baƙo ya murɗa biyu. "To ina ka ga bakwai? Ina ka ga biyar?" Baƙo ya ce babu. "Sake gwadawa." Surukinsa, mijin yayata, sai da ya daina zuwa sai ya tabbatar Baba ya fita. Umma ta taɓa ɓoye katakon a bayan kabad, ya yi sabo kafin yamma, ya kuma gano tsohon, suka zama biyu.

Ya daina gaishe da Kyaftin. In sun haɗu a hanya sai ya tsaya ya zuba wa hannun daman mutumin ido, inda tabon yake, doguwar tsaga daga gindin babban yatsa zuwa tsintsiya. Ya taɓa zuwa rumfarmu ya ce in nuna masa marikin ƙofar jirgin. Ya shafa shi sama da ƙasa da yatsa. Ya ce, "Wannan ko tumatir ba zai yanka ba." Na ce Baba ana kallonmu. Ya dube ni, ya daɗe, ya tafi.

Wata rana da rana, shekara ta biyar ko ta shida, na zo gida da ɗiyata a baya, na tarar ya tsare wani maƙwabci da katakon. Raina ya ɓaci. Da mutumin ya samu ya gudu, na ce, "Baba, don Allah ka bar mu mu huta. Duk duniya ta ce kuskure ne, kai kaɗai ne mai ido? Ka kashe aikinka, yanzu kana so ka kashe mana gida." Umma ta ce in rufe bakina. Shi kuwa ya ɗauki katakon ya shiga ɗaki, daga ranar bai ƙara nuna wa kowa ba. Amma Umma ta ce takan ji ƙarar kwalin yana juyawa in ya rufe ƙofa. Ni da na faɗi maganar, ni na goge jinin. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ya yi ritaya shekara tara bayan abin. Ba a yi masa taro ba, an ba shi agogon bango, ya kai wa mai gyara ya duba ko yana tafiya daidai.

Wata huɗu bayan nan, ranar Asabar da hantsi, ina gidan ina taya Umma shanya, aka yi sallama. Kyaftin ne. Shi ma ya ajiye aiki, ido ya fara ba shi matsala, ya rame, gashi ya yi fari. Baba ya fito ya tsaya a bakin falo bai ce ya shigo ba. Umma ce ta ce, "Haba malam, baƙo ne fa." Suka zauna. Na kawo ruwa, na ƙi fita, na tsaya jikin ƙofa.

Kyaftin ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce, "Malam, lambar nan, ni na saka ta. Da gangan."

Na jira kalmar nan tasa, "sake faɗa". Umma ma na ga ta dubi bakin Baba. Bai faɗe ta ba.

Kyaftin ya ci gaba. Ƙanin nasa ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama shi, yana ganin kowa na neman ransa. Ya lallaɓa shi ya sa shi a kujerar gaba don ya riƙa ganinsa. Suna cikin tafiya ƙanin ya fahimci asibiti za a kai shi. Ya lalubo sukudireba a aljihun ƙofa, ya ɗora a wuyan yayansa, ya ce a juya ko su mutu tare, ɗaya hannun kuma ya kama sitiyari. Garin ture shi ne ƙarfen ya tsaga hannun. "A lokacin ka ba ni lamba. Na kai hannu, na saka abin da aka koya mini. Sai na dubi fuskarsa. Na tuna abin da zai tarye mu a ƙasa. Yaron da na goya, malam. Ko su harbe shi, ko ya ƙare a kurkuku. Na cire."

"Ina sukudireban?" in ji Baba.

"Ta ƙaramar taga na jefar, kafin mu sauka."

Baba ya gyaɗa kai, kamar wanda aka cike masa gurbi a takarda.

"Akwai abin kunne a kansa shi ma," in ji Kyaftin. "Yana jin ka. Da ka ce sake faɗa na biyu, sai ya ce mini, wannan mutumin ya sani. Ya saki ƙarfen ya fara kuka. Muryarka ce ta sauke mu."

"Wannan kuma ƙari ne," in ji Baba. "Don ka faranta mini."

"Wallahi haka aka yi."

"Me ya sa sai yau? Don babu sauran lasisin da za a ƙwace maka?"

Kyaftin ya ce, "Har da wannan. Ba zan yi maka ƙarya biyu ba." Ya zaro takarda a ninke daga aljihu. Ya ce ya rubuta komai, ya sa hannu, in Baba ya yarda ranar Litinin zai kai, a buɗe fayil, a wanke sunansa.

Baba ya karɓa. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya koma sama ya sake. Ya ɗaga ta wajen haske ya duba sa hannun. Shekara tara yana jiran takardar nan.

"Yaron yana ina yanzu?"

"Ya samu sauƙi. Yana shan maganinsa. Yana da shagon gyaran keke, da mata, da 'ya'ya uku."

"In an buɗe fayil, za a zo masa?"

"Za a zo."

"Matarsa ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Baba ya ninke takardar yadda take, ya miƙa masa. Kyaftin ya ƙi karɓa, Baba ya ajiye masa a kan gwiwa. Ya ce, "Kai ka san inda za ka ƙona ta. Abu ɗaya zan tambaye ka. Zagaye nawa ka bar ta?"

"Ban ƙirga ba, malam."

"Uku ne," in ji Baba. "Sha ruwanka."

Da ya tafi, Umma ta shiga kicin tana share ido da bakin mayafi, tana faɗa ita kaɗai, wai mutum ya samu abin da yake nema ya mayar, wannan wane irin taurin kai ne. Baba yana zaune yana kallon inda kofin ya bar da'irar ruwa a tebur. Na zo na durƙusa gefen kujerarsa, ni mai 'ya'ya biyu, kamar 'yar shekara bakwai.

Na ce, "Baba, akwai jini a maɓallan. Na farko da na biyu. Ni na goge."

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Ina kika ɗauka ake kai rahotannin gyara? Kabad na bakwai, aljihu na biyu. Rahotonki ɗari biyu da sha ɗaya na karanta. Babu inda kika taɓa rubuta an tsabtace maɓallai sai a wannan. Kin rubuta, don ba ki iya barin abu ba rubuce ba. Wannan a wurina kika gada."

"Tun yaushe?"

"Makon farko da aka sauke ni."

Na tuna ranar da ya zo duba marikin ƙofa, yadda ya tsaya yana kallona. Na tuna abin da na faɗa masa a tsakar gidan nan. Na ce, "To me ya hana ka tambaye ni? Kai da kake tambayar kowa, har mai gyaran famfo?"

Ya sa yatsa ya goge da'irar ruwan.

"In na tambaye ki kika ce babu, fa? Zan ce ki sake faɗa. Ki sake. Daga nan ba ni da 'ya, sai wata mata da ta yi mini ƙarya sau biyu." Ya numfasa. "Kujerar ta riga ta tafi. Na ga gara in tsira da ɗaya."

Na kifa kaina a hannun kujerar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar sakamakon jarrabawa. Bai rarrashe ni ba, bai iya ba. Can na ji ya dafa kaina sau ɗaya, ya janye hannun.

Har ya rasu, a filin jirgin nan labarinsa bai canza ba. Bara ma na ji wata sabuwar ma'aikaciya tana ce wa abokiyarta kada ta zama Sake-Faɗa, ba ta san ko ni wace ce ba. Na buɗe baki, na tuna shagon keke da yara uku, na rufe. Katakon nan guda biyu suna wurina. Ɗaya yana kan 4263. Ɗayan, wanda muka samu a ƙarƙashin gadonsa, yana kan lambar da ya gani, kuma ban taɓa murɗa shi ba.